Aljihun Kaftanin Sakatare

Tun da aka fara nuna wasan nan na shugabannin farko a talabijin aiki ya taɓarɓare a shagon nan. Da an yi la'asar sai in ga ƙafafunku sun sauka daga kan keken ɗinki, kowa ya juya kujera, Nura har da ɗaga wa mai karɓar ɗinki hannu wai ya dakata. Ni ma ina kallo, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai ku kuna kallon mai rawani da siririn malamin nan suna musayar baƙar magana a majalisa, ni kuwa rigunansu nake kallo raina yana ɓaci. An ɗauki mutumin zamanin dalar gyada an sa masa aikin kwamfuta a wuya, ga zif a wando. Da na yi magana sai Nura ya ce ai ɗinkin da ba shi da wuya, miƙaƙƙen layi ne kawai. To tunda yau an ɗauke wuta, ku matso in gaya muku abin da ɗinkin da ya taɓa jawo mini.

Ni Bafillace ne, a wata ruga bayan Kabo aka haife ni, kodayake kafin in yi wayo shanun namu sun ragu, garma ta fi sanda aiki a gidanmu. Baffana ne ya kai ni Gwarzo wajen Malam Hudu tela, don ya lura ko kiwo aka tura ni sai a same ni a gindin bishiya ina ɗinke ɓarakar rigata da zaren buhu. Malam Hudu ya juya hannuna ciki da baya, ya ce a bar ni. Shekara guda cur ban taɓa keke ba. Aikina hura gawayi a dutsen guga, zura zariya a wando, da kalmasa da hannu. In na gama kalmasa sai ya ɗaga ta saitin rana, in ya ga tsallen allura ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ya miƙo mini reza in farke. A shekarar nan abin da na farke ya fi abin da na ɗinka yawa.

Kayan aikin nasa duka ba su cika akwati ba: baƙin keken hannu guda ɗaya, almakashi, alli, ƙoshiyar zare biyu, da 'yar kwalbar man keke da yake yawo da ita a jikinsa. Almakashin nan ko ɗan cikinsa bai isa ya yanke farce da shi ba. Wata rana man ya ƙare, ni da wayona na ɗiga wa keken man gyada, tunda shi ne a ko'ina. Kwana uku yana gudu sumul ina ta jin kaina, ran na huɗu ya daskare, ya kama gashin yadi ya ƙi motsi. Malam Hudu ya sa na kwance shi ƙusa-ƙusa, na wanke da kananzir, na mayar. Sau uku ina mayarwa ana tsintar ragowar ƙusa a tabarma. Daga ranar na san cikin keke, abin da har yau wasunku ba su sani ba, da keke ya ɗan yi tari sai ku kira makaniki a waya.

Lokacinmu kaka ne. In aka fara awon gyada, manomi yana barin wurin sikeli kanti yake nufa ya yanko yadi, daga kanti sai rumfarmu. Na tuna wani mutumin Getso da ya ajiye mini turmin akoko ɗaya da igiyoyin rama biyar, kowace da ƙulle-ƙulle a jikinta. Ya ce wannan tsayin maiɗakinsa ne, wannan ƙullin faɗin kafaɗarta, sauran na yara ne, a fitar da rigar kowa, shi ma a rage masa wando. Ba ka ga mutanen ba, ba kuwa za ka gan su ba, amma dole riga ta zauna musu. Sai ka karanta igiya, ka tambayi shekarun yaro, ka ƙara masa taƙi guda don kafin wata kakar zai miƙe. In ka kuskure yanka babu inda za a samo wani yadin, noman mutum na shekara ne ka sa wa almakashi. Shi ya sa har yau nake yin bisimilla kafin in yanka ko da ɗankwali ne.

Ana cikin haka siyasa ta shigo. Abin da kuke gani a talabijin akwai gaskiya a ciki, manyan nan biyu ba sa ga maciji, ba sai na kama suna ba. Mai rawani yana da gwamnati a bayansa, siririn malamin yana da baki da talakawa. Amma mu ba mu taɓa ganinsu suna faɗa ba, ni dai sau ɗaya na hango ɗayansu ta tagar mota. Faɗan da muka gani namu ne na ƙasa. Wa da ƙani su daina cin tuwo a akushi ɗaya, mahauci ya ƙi sayar wa maƙwabcinsa nama, a ɗaure mutum don ya rera waƙa a bakin rijiya. Masu wasan sun nuna majalisa da manyan motoci, ba su leƙo kasuwar Gwarzo ba.

Mu teloli ta wajen atamfa abin ya same mu. Kowace jam'iyya ta buga tata, da fuskar shugabanta a cikin da'ira, jere-jere har ƙarshen turmi. Malam Hudu yana ɗinka wa kowa, kuma ranar da turmin farko ya shigo rumfarsa ya kafa mana doka. Almakashi ba ya ratsa fuska, ko ta wace ce. Ba a raba ta biyu a kafaɗa, ba a juya ta kai ƙasa, ba a sa ta inda mutum zai zauna a kanta. Ya ce wanda ke jikin zanen ɗan wani ne kuma uban wasu, wanda ya kawo ɗinkin kuwa sonsa yake yi. Dokar nan tana cin yadi, don sai ka kewaya ka matsa, ka bar fuska guda cif a ƙyalle. Ƙa'ida ce a mayar wa mai ɗinki ƙyallensa, amma da yawa sukan ce a bar shi. Don haka kwandon ƙyallenmu a lokacin cike yake da shugabanni, na gwamnati da na adawa, a kwance kan juna.

Bayan shekara bakwai Malam Hudu ya yaye ni. Baffa ya sayar da bijimin kirki ɗaya da ya rage masa, aka sayo mini keken ƙafa daga birni. Na kafa rumfa a layin 'yan yadi, na yi aure, har an yi mini haihuwar fari. Keken nan shi ne gonata, shi ne garkena, kuma na san babu wani bijimin a bayansa. Hannuna ya fara suna a wuyan kaftani, kaina ma ya fara kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

A cikin waɗanda suka dawo wajena akwai Malam Isyaku, wanda gari ke kira Sakatare. Baƙo ne, daga gabas ya zo, shi ke zama a kan sikelin gyada na Alhaji Nadabo. Da yake Alhajin ne shugaban jam'iyyar masu mulki a yankinmu, sai ya damƙa masa rubutun jam'iyyar ma. Mutum ne mai tsafta, marar yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Ban da gaisuwa da awon riga babu abin da ya taɓa haɗa ni da shi.

Ana sauran kwana biyu manyan jam'iyyarsu su zo taro daga birni, ya kawo mini kaki mai kauri ruwan toka, ya ce kaftani yake so, da aljihu biyu masu zurfi a gefe saboda takardu. Ran da zai karɓa ta faɗo ran kasuwa, mutane sun cika mini rumfa kowa yana cewa nasa. Na haɗa jiki, na ɗora hannu, na gama wuya, da na zo aljihu sai na tarar kakin ya ƙare. Wannan ba sabon abu ba ne, cikin aljihu da kowane ƙyalle ake yin sa. Aljihun dama na samar masa guntun akoko. Na hagu na laluba kwando, abin da ya zo daidai girman sai ƙyallen atamfar 'yan adawa, siririn malamin yana kallona. Na gan shi sarai, ba zan ce ban gani ba. Kantin yadi bai fi taku ashirin daga rumfata ba, amma na ji ƙyuyar tashi, na ce a raina wa ke leƙa cikin aljihun mutum. Na ninka shi fuskar tana ciki don kada ta nuna, na bi da keke, na goge, na miƙa wa Sakatare. Ya sa, ya yaba wuyan, ya tafi.

Washegari da yamma aka yi taron a filin da ake jibge buhunan gyada. An ja babbar mota an buɗe bayanta, manya suna zaune a kujeru a kai, 'yan adawa kuma sun tsaya can gindin tsamiya suna jiran abin da za su yi wa dariya. Ni ina tsakiyar jama'a, rigata na zo kallo. Aka kira Sakatare ya karanta jawabin maraba. Ya sa hannu a aljihun hagu, ga gumi ga sabon ɗinki, yana zaro takardar aljihun ya biyo hannunsa ya zazzago waje. Ya fara karatu bai sani ba. Ga fuskar malamin nan tana lilo a kwankwasonsa, cif da ita, ko kunne ban yanke mata ba, yadda aka koya mini.

Dariyar daga gaba ta faro, ƙasa-ƙasa. Sai wani daga gindin tsamiya ya ɗaga murya ya ce ashe Sakatare nasu ne, a aljihu yake yawo da malam. Fili ya ɗauka. Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙe ya sauka daga motar, ya shige tasa ya rufe ƙofa. Na ga Sakatare ya duba gefensa, ya tura aljihun ciki, ya ƙarasa karatunsa har ƙarshe muryarsa ba ta yi rawa ba. Ni kuwa na sulale daga cikin jama'a.

Kafin in isa rumfa samarin jam'iyya sun riga ni. Sun kwance kan keken sun tafi da shi gidan Alhaji Nadabo, sun bar mini teburin da abin takawa, da saƙon in zo da safe. Malam Hudu ya same ni a tsaye a wurin ina kallon ramin da kan keken ya bari. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ko na ga fuskar kafin in ɗinka. Na ce na gani. Ya ce gobe zai raka ni.

Da hantsi muka shiga zauren Alhaji. Dattawa sun zauna jikin bango, samari sun toshe ƙofa, kan kekena yana ƙasa a tsakiya, an ajiye guduma kusa da shi. Alhaji ya ce maganar ba ta wuce biyu ba. Ko dai 'yan adawa sun saye ni in kunyata jam'iyya a gaban baƙi, in haka ne a farfasa keken a kai ni gaban alƙali. Ko kuma Sakatare ya san da abin, munafuki ne, yana cin tuwonsu yana yi wa wasu aiki. Na ce kuskure ne, yadi ne ya ƙare mini. Samarin suka yi tsaki, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da wani ne ya faɗa mini da ban yarda ba. Malam Hudu ya sa baki, aka ce shi ma ai an san kowa yake ɗinka wa. Sai aka juya ga Sakatare. Abin da kawai zai ce shi ne bai san komai ba, ya wanke kansa, kuma da ya faɗi haka gaskiya ya faɗa.

Ya gyara zama, ya dube ni, sai ya yi dariya. Ranar na fara jin dariyarsa.

"Alhaji, ku daina wahalar da kanku," in ji shi. "Wannan ɗan Fulanin bawana ne. Kakata ta wajen uwa Babarbara ce, shi kuwa ya sani. Tun da na zo garin nan muke yi da shi. Kwanaki ni na aika masa ƙwaryar nono da na dama da farar ƙasa, shi ne ya rama. A mugun wuri dai ya rama, amma wasa ne."

Kun san wasan Fulani da Barebari, sai dai a wajenku ya zama na fatar baki. A lokacin abu ne mai ƙarfi. Abokin wasanka zai ɗauke maka takalmi a ƙofar masallaci, ya kunyata ka ranar ɗaurin aurenka, ba ka da ikon fushi balle ƙara. Wanda ya kai abokin wasansa gaban shari'a shi ake yi wa dariya har jikokinsa, kuma babu dattijon da zai yarda a ce a zaurensa aka hukunta wasa.

Ido ya dawo kaina. Ni dai ba a taɓa kawo mini wata ƙwaryar nono ba. Malam Hudu ya taka mini ɗan yatsan ƙafa, na gane in na yi godiya ko na zubar da hawaye magana ta lalace, dole sai na rama yadda Bafillace zai rama. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ku ji mini ƙarfin hali. Yaushe bawa ya fara kiran ubangidansa bawa? Ai sa'a ya yi ban ɗinke aljihun da hannunsa a ciki ba."

Wani tsoho mai jinin Fulani ne ya fara ƙyalƙyalewa, ya ce dama Barebari tun fil'azal ba su da wayo, su sa riga ba su duba aljihu ba. Sakatare ya mayar masa, sauran dattawa suka shiga, zaure ya sake. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Sakatare, sannan ya yi mini nuni da hannu in ɗauki abina. Na rungumi kan keken nan a ƙirji na fito, ban sauke shi ba sai a rumfa.

Alhaji ba yaro ba ne. Bai iya hukunta wasa ba, amma bai manta baƙinsa sun tafi da fushi ba. Kafin kakar ta ƙare an ba wani rubutun jam'iyya, da wata kakar ta zagayo wani ne a kan sikeli. Malam Isyaku sunan Sakatare kawai ya rage masa. Ya ari gona ta wajen Sabon Birni, ran kasuwa kuma ya baza kanwa da gishiri a tabarma, mutumin da manoma ke layi a gabansa. Na je gidansa in yi godiya, tun daga nesa ya fara shelar cewa ga bawansa ya zo gaisuwa, bai bar ni na yi magana ɗaya ta hankali ba. Na koma sau biyu, haka. Na gane so yake abin ya zauna a wasa, ko da mutane ko babu.

Shekarar ce muguwar shekarata. 'Yan jam'iyyar masu mulki suka ɗauke ƙafa daga rumfata. Samarin adawa kuma suka zo da murna suna kirana gwarzo, suka ajiye mini atamfar mai rawani, wai in ɗinka musu wanduna fuskar ta faɗo daidai mazaunai. Na ce ba haka aka koya mini ba. Suka ce ashe matsoraci ne, suka kwashe kayansu. Ga kaka ta yi, sauran teloli ko abinci ba sa samun sukunin ci, ni ina zaune ina korar ƙuda. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na sa wa kan keken mariƙin hannu, na ɗaure shi a jaki, na shiga ƙauyukan Jama'a da Getso ina faci. Na tuna wata tsohuwa da ta kawo mini rigar mijinta, facin jikinta ya fi asalin yadin yawa, har na rasa inda zan kafa allura. Na zauna na nemi inda zaren ke da sauran ƙarfi na bi shi a hankali, ta ba ni dawa a ƙwarya ta sa mini albarka. Faci ya koya mini abin da sabon yadi bai koya mini ba, don a nan ne kake ganin inda riga ke fara mutuwa, sai ka san inda za ka ninka ɗinki tun farko.

Mutum biyu ne suka riƙe ni. Malam Hudu yakan yanka ɗinkin mutanensa ya ƙulle a tsumma ya aiko mini gida, in haɗa in mayar, ya miƙa wa masu shi a matsayin nasa. Malam Isyaku kuwa da salla ta matso, ran kasuwa da rana tsaka, ya ratso layin 'yan yadi da kayan 'ya'yansa a kafaɗa ya zube a rumfata. Ranar karɓa ya zauna a bakin rumfar yana zazzago aljihunan ɗaya bayan ɗaya, yana kiran masu wucewa su zo su shaida. Mutane suka taru suna dariya, a cikinsu wani ya tambaye ni ko zan iya gama masa jamfa kafin salla. Da haka da haka aka dawo. Daga baya mulki ya juya, aka rushe jam'iyyun, atamfofin nan duka suka koma ƙasan adaka, waɗanda suka raba akushi suka koma ci tare ana jin kunyar juna.

Abin da bai wuce ba shi ne zaman Malam Isyaku Babarbare. Duk Bafillatanar da ta shigo kasuwa da ƙwarya sai ta biya ta tabarmarsa ta ɗebi kanwa kyauta ta zage shi. Ran cika-ciki makiyaya su yi masa layi a ƙofar gida sai ya ba su goro. Ranar da ya aurar da 'yarsa ta fari Fulani suka ɓoye tukunyar abincin baƙi, sai da ya roƙe su. Bai taɓa ɓata fuska ba, yana mayarwa daidai gwargwado, har ya zama in ba ya kasuwa mutanenmu sai su ce kasuwar ba ta ci ba. 'Ya'yansa suka tashi a haka, su ma bakinsu ya goge. Fiye da shekara talatin muka yi muna wannan da shi.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi na je duba shi wata safiya, na same shi a tabarma a zaure, mu biyu kawai. Ya buɗe baki zai fara tsokana, na ce yau dai ya yi haƙuri ya saurare ni. Na gaya masa ba wasa ba ne, ba kuma sharri ba ne, ƙyuya ce, na ga fuskar da idona na ɗinka. Na roƙe shi gafarar sikelin da ya rasa da matsayinsa.

"Na sani, Buba," in ji shi. "Tun a kan motar na sani. Na yafe tun tuni."

Ya maida numfashi, sannan ya ce, "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma kakata Bahaushiya ce, daddawa take sayarwa. Ko hanyar Barno ban sani ba."

Na tambaye shi to me ya sa. Ya ce da ya shigo zauren ya ga guduma kusa da keken, ya ga yadda nake kallonsa, sai ya laluba abin da zai faɗa, wannan ne kawai ya zo masa. Ya kama hannuna ya ce, "Kada ka gaya wa yaran. Sun saba, kuma suna jin daɗinsa."

Na yi kuka a zauren nan, da furfurata da komai, ban ji kunya ba. Kekunan da kuke takawa a shagon nan duk daga wancan keken da ya ceto mini suka fito, da ni da ku duk muna cin albarkacin mutumin nan. Ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba, shi da Malam Hudu da Baffa.

Saboda roƙon nan da ya yi mini, sunan da na ba ku ba sunansa ba ne, na Alhajin ma haka, kada ku wahalar da kanku da bincike, Barebari suna da yawa a ƙasar nan. Watan jiya na je wani bikin suna a Kabo, ina zaune cikin dattawa sai ga wata jikarsa, babbar mace da 'ya'yanta, ta hango ni. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wa take gani kamar tsohon bawan gidansu. Jama'a suka zuba ido suna jira in rama, ita ma tana jira tana murmushi. Na dogara sandata na miƙe.

Na ce, "Na'am, uwar ɗakina, ga ni."